Faretin da Ya Bi ta Ƙofar Orville

Ina cikin turo kujerar Orville mai taya zuwa baranda sai robar iskar da ke hancinsa ta saƙale a ƙofa. Ya zage ni tas, ni ma na rama. Shekara talatin muna maƙwabtaka, haka muka saba.

Ƙurar ramin kwal ta gama cinye masa huhu. Likita ya ce ba zai ga Kirsimeti ba, amma tsohon nan ya ƙi mutuwa har watan Afrilu, wai sai ya ga ɗansa Lonnie, wanda ya yi wata goma sha biyar a Iraƙi. Ran nan rundunarsu ta dawo. Sai dai ba a sallame su gida ba. Daga mota sai fareti, daga fareti sai filin makaranta, inda manya za su yi jawabi.

Na ce bari in je in roƙi babbansu ya saki yaron, ko na minti biyar ne.

"Zauna, Wanda," in ji shi. "Ɗana ba ya fita daga sahu. Ni na koya masa."

Shi ma tsohon soja ne, ga taurin kan tsiya.

Masu ganga suka wuce, motar kashe gobara ta wuce, sai ga su nan. Lonnie na sahu na uku, ta ɓangarenmu, duk ya rame. Tsakaninsa da baranda bai fi taku goma ba. Na yi ta ƙwala masa kira har muryata ta dushe. Amma idonsa na gaba, bai waiwayo ba. Orville ya ɗaga hannu zai sara masa, hannun bai kai goshi ba.

"Kin gani?" ya ce yana haki. "Ko ƙiftawa bai yi ba."



Awa biyu aka yi ana jawabi. Muna jiyo lasifika daga nan, magajin gari na ta gode wa iyaye. Sau uku Orville yana tambayata ko an gama. Daga nan bai ƙara tambaya ba.

Wajen ƙarfe uku Lonnie ya iso a guje, riƙe da 'yar tutar da wani ya cusa masa a hannu. Ya tsaya a ƙasan matakala yana kallon bargon da na ja har kan fuskar babansa. Injin iskar na ta huci a gefe, don ban san yadda ake kashe shi ba.