Gilashi Na Biyu

Duk unguwar Mai Bututu ake ce masa, kuma ba ya jin haushi, amsawa yake yana ɗaga kai. Direban motar ma'aikata ne a wani kamfani, da safe ya kwaso su, da yamma ya mayar da su. Bututun kuwa madubin hangen nesa ne na kallon taurari, wanda ya sayo da ƙafarsa ɗaya a karye a hannun mai kayan gwanjo. Tun ranar da ya shigo da shi gidan, matarsa, wadda kowa ke kira Anti Tela, ta koma shagon kayan gyara.

Ba ƙari a maganar nan. Baƙin karan-miskin da take tattali don ta yi wa kanta riga, shi ya yayyanka ya liƙe cikin bututun, wai don kada haske ya riƙa yawo a ciki. Wilin tsohon kekenta na ɗinki ya kwance ya mayar da shi abin murɗa saiti. Ƙafar teburin gugarta ta zama ƙafar bututu, ita kuma ta koma guga a ƙasa kan bargo. Hatta rigar da ake lulluɓe abin da ita, ita ta ɗinka, da zif da aljihu biyu na ajiye ƙananan gilasai.

Duk da haka ba ta taɓa sa idonta a ciki ba. Ko sau ɗaya.

Ba wai taurarin ne suka dame ta ba, ina ruwanta da abin da ba ya ci ba ya sha? 'Yarsu ɗaya ta yi aure ta yi nisa, gidan ya rage su biyu, kuma na biyun ya fi hira da ƙarfe. Abin da take so bai taka kara ya karya ba: ya juyo wata rana ya ce mata zo ki gani. Abokansa kan zo su yi layi a bayan gida suna leƙawa, suna cewa, "Kai! Ashe wata duk ramuka ne!" Ita kuma tana tsaye a ƙofar kicin da tiren shayi a hannu. Ranar da ta cire kunya ta roƙa, ko juyowa bai yi ba.

"Za ki ture min saiti. Hannunki ba ya tsayawa wuri ɗaya."

Ji mutum! Matar da ke zura zare a allura tana hira, ita ce hannunta ba ya tsayawa. Ta haɗiye, ta kwashe kofuna.

Ana nan sai maƙwabcinsu ya kafa wata shirgegiyar fitila a kan katanga saboda ɓarayi. Hasken ya cika bayan gidan, taurari suka ɓace sai 'yan ƙalilan. Mai Bututu ya je ya yi magana, ya koma ya yi faɗa, maƙwabcin ya ce shi kayansa yake tsarewa, wanda ke son duhu ya koma daji. Gidan ya yi tsami. Abinci ma sai ya ture, kamar ita ta kunna fitilar. Daga baya kuma sai ta ga ya warware, yana ta fita da bututun a bayan mota yana dawowa. Wai tunda an hana shi dare, rana zai kalla. Ya ji an ce akwai wasu baƙaƙen tabo a fuskarta, kuma ba maƙwabcin da ya isa ya kashe masa rana.

Wata hantsi, ranar da ba ya aiki, tana kan keke a baranda sai ta ji ya kira daga bayan gida.

"Gimbiya!"

Ƙafarta ta tsaya a kan fedal. Rabon da ta ji wannan sunan a bakinsa tun 'yarsu tana goye. Ta zaci kunnenta ne, ya sake kira, har da cewa ta yi sauri. Wallahi sai da ta shiga ɗaki ta wanke fuska ta sake ɗankwali, kamar mai zuwa unguwa. Mace mai furfura a gefen kai, zuciyarta na bugawa don za ta je bayan gidanta.

Ya kafa bututun a tsakiyar fili, bakinsa na duban rana. A ɗan wurin da ake sa ido ya kifa murfin kwalba, ya huda shi, ya liƙa baƙin gilashi irin wanda masu walda ke kare fuska da shi. Ya nuna mata da yatsa yana bayani a hankali, abin da bai saba ba.

"Wannan ne zai tare hasken. Ke za ki fara gani. Ko ni ban leƙa ba tukuna."

"Ni?" ta ce. "Kafin abokanka?"

"Kafin kowa. Sa idonki nan, kada ki ɗago sai na ce."

Ya ja da baya ya jingina da bango yana duban agogon hannunsa. Ita kuwa ta ɓoye hannayenta a baya don kada ta taɓa saiti, ta sunkuya, ta sa idonta na dama.

Da farko duhu. Sai ga ta. Rana ce, amma koriya, zagayayya, a natse, ba zafi ba ƙyalli, ana kallonta kamar faranti. Can gefe ga 'yan ɗigo baƙaƙe sun taru wuri guda. Dariya ta ƙwace mata.

"Na gan su! Wallahi na gan su! Kamar an zubar da ƙananan maɓallai."

"Ci gaba da kallo," ya ce daga inda yake.

Ta ci gaba. Da ya ce ta kwana a nan ma da ta kwana. Daɗi take ji irin wanda ta manta akwai shi, har tana shirya yadda za ta ba 'yarta labari a waya. Sai ta ji ɗan ƙara, tas, bai fi na karyewar allurar keke ba. Komai ya zama fari.

Ta faɗi zaune tana dafe da ido. Abin mamaki, babu zafi ko kaɗan, shi ya sa ta yi ta cewa, "Ba komai, ba komai, yanzu zai wuce." Da ɗaya idon ta ga mijinta ya ruga. Bututun ya fara juyarwa ya rufe masa baki, sannan ya ɓalle murfin kwalbar yana jujjuya shi a hannu, yana duban inda gilashin ya tsage. Bayan nan ne ya zo ya ɗaga ta.

Bai wuce ba. Farin ya koma ja, jan ya koma wani baƙin tabo a tsakiyar ganinta, duk inda ta juya ido yana gaba. A asibiti likitar ta haska, ta sake haskawa, ta ajiye fitilarta. Ta ce can bayan idon ne ya ƙone, wurin ba ya jin zafi kuma ba ya tohowa. Gefe-gefe za ta riƙa gani, amma tsakiya ya tafi ke nan. Sannan ta juya ga mijin a fusace ta tambayi wanda ya bar mutum ya kalli rana ta cikin wannan abu.

"Tsautsayi ne, likita," ya ce. "Ta daɗe tana matsa min sai ta gani."

Anti Tela ta ji, ba ta musa ba. Ai ba ƙarya ya yi ba, ta matsa. Da yayarta ta zo tana zage-zage, tana cewa ta tattara kayanta su tafi, ita ce ma ta tare masa.

"Yaya, ƙaddara ce. Bawan Allahn nan karrama ni ya yi. Ko shi bai duba ba ya ce ni zan fara."

"Karramawar da ta ci ido? Allah ya raba mu da irinta," in ji Yaya.

Ta bar Yaya da bakinta. Maganar karramawar nan ita ce abin da ya rage mata, kuma ta riƙe ta da hannu biyu. Aiki ya lalace. Ta kai zare bakin allura ya wuce ta gefe, ta sake ya wuce ta ɗaya gefen. Almakashi ya riƙa sauka daga layin alli. Wata mai kaya ta dawo da riga, hannu ɗaya ya fi ɗaya, ta ajiye a kan keke ba ko sallama. Duk ranar da abin ya ishe ta sai ta zauna ta tuna: ya kira ni, ya ce kafin kowa. Ido ɗaya ya tafi, amma a wurin abin arziki ya tafi. Da haka take samun barci.

Wata rana da azahar, mijin yana wurin aiki, aka yi sallama. Mai waldan bakin titi ne, wani dattijo mai tabon ƙuna a hannuwa, ya zo dubiya da lemo a leda. Ta shimfiɗa masa tabarma a baranda. Ya yi mata sannu ya fi a ƙirga, yana ta murza hularsa, da gani akwai abin da ke cinsa.

"Anti, tunda na ji labarin nan ban sami sukuni ba. Gilashin daga hannuna ya fito. Amma Allah ne shaidata na gaya masa. Tun da na farkon ya fashe na ce, Malam, bar abin nan."

"Na farko?" ta ce.

"E mana, wanda ya tsage a ƙofar shagona. Ai nan ya kawo bututun muka ɗaura. Ba a jima ba ya yi tas. Na kara takarda a wurin, nan take ta kama hayaƙi. Na ce masa duk zafin rana a ɗan wurin nan yake taruwa, abin da ya ƙona takarda me zai yi wa ido? Sai ya ce in ba shi mai kauri. Na hana, ya nace, ya ce ba zai sa idonsa ba sai ya gwada tukuna." Ya girgiza kai. "Ni na ɗauka da takarda zai gwada."

Sai a nan ya ɗago ya dubi fuskarta, ya gane ba ta sani ba. Ya tashi yana neman takalmi, yana cewa shi dai a yafe masa, ya fita har yana tuntuɓe da dokin ƙofa.

Ta zauna a wurin har inuwa ta juya. Ba ta yi kuka ba. Ta nemi kukan ma ta rasa.

Da yamma ta same shi a bayan gida. Ya cire wa bututun riga, yana auna faɗin bakinsa da tef ɗinta na awo, fensir a bayan kunne. Yana ganinta ya fara bayani da fara'a, wai ya gano kuskuren. Ashe a gaba ake sa abin tare hasken, a bakin bututun, tun kafin zafin ya taru.

"Mai walda ya zo," ta ce.

Hannunsa ya tsaya.

"Ya ce akwai na farko."

Ta so ya musa. Wallahi da ya ce tsohon ƙarya yake, da ta yarda, da ta taya shi zagin tsohon. Amma sai ya sosa ƙeya kawai.

"Na biyun ya fi kauri sosai. Na zaci zai riƙe."

"Da ka zaci zai riƙe, me ya hana ka leƙa?"

Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sa shi bayyana abin da kowa ya sani. Bai ɗaga murya ba, da ma faɗa ya yi da ya fi sauƙi. A hankali ya yi magana, har da lallashi.

"Haba, ke ma ki duba mana. Ni tuƙi nake yi. A wurin aiki gwada mana ido ake yi, wanda nasa ya taɓu sallamarsa za a yi. In nawa ne ya tafi, me za mu ci a gidan nan? Ke kuwa a zaune kike aikinki, kuma ga shi ɗayan lafiya lau. Ai sai da na yi tunani, ba haka kawai na yi ba."

Sai da ya yi tunani. Ya zauna ya ɗora idonsa da nata a sikeli, ya ga wanda ya fi araha, sannan ya buɗe baki ya kira ta. Ta dafa bango. Abin da ta riƙe duk kwanakin nan ya zube, kuma ba ta da wani a bayansa.

Shi kuwa da ya ga ta yi shiru sai ya ɗauka magana ta wuce. Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya jawo wani kwali, ya zana da'ira.

"Tunda ma an yi maganar, na daɗe ina so in tambaye ki, ina jin nauyi. Ɗigon nan da kika gani, guda nawa ne? Ta sama suke ko ta ƙasa? Nuna min a nan."

Ta dube shi. Sannan ta sa tafin hannu ta rufe idonta mai lafiya. Baƙin tabon ya sauka daidai kan fuskarsa ya shafe ta, ya rage kafaɗu da hannu biyu riƙe da kwali, da murya tana ta tambaya ko manya ne ko ƙanana. Ta daɗe a haka ba ta sauke hannun ba.