Fuskar Auta a Waya

Farin zoben nan na jira ya sake fitowa a tsakiyar wayar, yana ta juyi. Zakariya'u na tsaye bisa katangar gidansu a Jiratawa, hannu a sama kamar mai tsinkar mangwaro, yana neman rezo, wato sabis ɗin waya. A ƙasa mahaifiyarsa, Inna Fasuma, ta ɗaga kai tana jira.

Da hantsi aka bugo daga Tamanrasat, can Aljeriya. Ƙanensa Habib, autan Inna, ya faɗo daga bene a wurin gini, rai ya yi halinsa. Bayan azahar za a rufe shi. Idirisa, abokin aikin Habib, ya ce zai nuna komai kai tsaye ta Fesbuk, ya kuma roƙi masu wanka su buɗe fuskar kafin su ɗaure likkafani, don uwa ta gani. Inna ba ta yi kuka ba, ta dai ce sai ta ga fuska. Shi ma Zakariya'u bai ji komai ba. Tun da aka faɗa masa yake yawo da jiki kamar na aro, sai ya kama abu ɗaya ya riƙe: dole hoton nan ya tafi.

Ya kashe wayar ya kunna. Ya goge hotunan albasar gonarsa. Ya zare kati, ya hura, ya mayar. Maƙwabta kuwa nan take kowa ya zama likitan waya, wani ya ce a jefa ta cikin kwanon silba, wani ya ce bakin rijiya ta fi kamawa. An gwada duka. Hoton zai motsa, a ga ƙafafun mutane da ƙofar wani masallaci, sai zoben ya dawo.

"Inna, hau mu tahi Maradi," in ji shi.

Ya goya ta a babur. A unguwar Zariya akwai Mansura, 'yar ƙanwar Inna, wadda mijinta ya ja intanet har cikin falo. Suna isa suka tarar an ɗauke wuta, akwatin intanet ɗin ya yi shiru a kan tebur.

Mansura ta karɓi wayar, idanunta jawur. "Yaya, kai ne ka matsa ma wayar sai ta hiddo hoto tas. Rezon bai iya ɗauka. Rage kyawon hoton, sai ya tahi."

Ta nuna masa wurin. Ya danna na can ƙasa, mafi rauni. Zoben ya ɓace, hoton ya kama tafiya sumul, sai dai mutanen sun koma inuwoyi, ba ka bambance hula da kai. Murya ce kaɗai ta fito sarai.

"Inna, in kina kallo, ga shi nan," in ji Idirisa daga cikin wayar. "Ku yi haƙuri, liman na jira."

Wani hannu ya ɗaga farin ƙyalle. Abin da ke ƙarƙashinsa dabbare ne kawai, kamar an shafa laka a bango. Zakariya'u ya yi wuf ya mayar da hoton kan mai kyau. Zoben ya fito ya zauna daram a tsakiya. Suka zuba masa ido su uku, yana juyi abinsa, ba ruwansa da kowa. Da ya ga dama ya tafi, an riga an ɗauki makara.

Inna ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta gyara mayafinta.

"Wanga ba Auta ba ne."

"Inna..." Mansura ta fara.

"Auta na da tabo bisa gira, tun shina rarrahe. Kun ga tabo? Ni ban gani ba. Ɗan wasu ne, Allah shi jiƙan shi." Ta juya wajen Zakariya'u, wanda ba ta kiran sunansa don ɗan fari ne. "Kai, mai da ni gida. Kuma kar wanda ya shimhiɗa mani tabarmar gaisuwa."

Ta ɗauki ruwan da Mansura ta ajiye mata ta shanye tas. Tun safe sai yanzu wani abu ya shiga cikinta.

A bakin gari ya tsaya sayen mai wurin masu kwalabe, gindin wani dogon ƙarfen rezo. Inna ta sauka ta koma inuwa. Ya ciro wayar don duba lokaci. An gama nunin, amma bidiyon na nan a ajiye. Ya ja shi baya, ya danna. Wannan karon ko gezau bai yi ba. Hannu ya ɗaga ƙyalle. Ga gira, ga tabo, ga bakin Habib a ɗan buɗe kamar yadda yake barci tun suna yara. A nan ne abin ya sauko masa gaba ɗaya, ya dafa babur.

"Kai," Inna ta kira daga inuwa, muryarta wasai. "Rezon ya dawo?"

Zakariya'u ya kashe wayar, ya zura ta a aljihu.

"Bai dawo ba, Inna. Hau mu tahi."