Farantin da Farfesa Ya Goge

Ɗan farantin ƙarfen bai fi farcen babban yatsa ba, amma da Farfesa ya gama da shi sai da ya ga furfurar gemunsa a ciki.

Ya daɗe da yin ritaya. Hannunsa ya fara rawa, ba ya iya ɗiga sinadari bai zubar ba, amma a guga kam har yanzu babu na biyunsa. Farar hoda a kan ƙyalle mai laushi, ɗigon ruwa, sai a yi ta zagaya farantin a hankali kamar mai rubuta takwas. Duk ɗalibin da ya bi ta hannunsa ya san dokarsa ta farko: farantin da zai kai wutar lantarki cikin sinadari a goge shi kullum safiya, domin mai datti ƙarya yake yi. Akwai waɗanda ya kora a kan wannan, kuma ko a jikinsa.

'Yar autarsa ce ta gaji ɗakin gwajinsa na jami'a, ta kuma gaji ciwon kan da ya cinye masa ƙuruciya. Akwai sinadaran magani da ke fitowa iri biyu, kamar hannun dama da na hagu: komai nasu ɗaya, amma safar wannan ba ta shiga wancan. Na dama ya warkar, na hagu ko dai ya zauna a jiki a banza, ko ya yi ɓarna. Ita kuwa wutar lantarki babu ruwanta, in an sake ta cikin kwalba rabi da rabi take haifarwa. Farfesa ya tsufa yana lallashinta ta zaɓi ɗaya, ta ƙi ƙememe.

Sai ga shi Auta ta dace, wutar ta fara haifar mata da na dama zalla. Yau kwamitin jami'a zai zo ya gani da idonsa, domin an riga an yanke cewa in babu abin nunawa, za a rufe ɗakin a mai da shi ma'ajiya.

Farfesa bai taɓa ce mata ta yi ƙoƙari ba; bakinsa bai iya wannan ba, ko a gida. Shi ya sa ya yi sammako, ya karɓi makulli a wurin mai gadi, don ya taya ta da abin da ya iya. Da ya ɗago farantinta daga kwalba sai ya ja tsaki. Wata dauɗa ruwan ƙasa ta lulluɓe shi kaf.

"Yarinyar nan za ta ba ni kunya a gaban baƙi," in ji shi, ya naɗe hannun riga.

Yana share hodar ƙarshe Auta ta shigo. Za ta gaishe shi ke nan ta hangi abin da ke hannunsa.

"Na gyara miki," Farfesa ya ce, yana miƙa mata. "Dubi yadda yake ƙyalli."

Ta daɗe tana kallon farantin, sannan ta dubi fuskar tsohon, ta ga murnar da ta jima ba ta gani ba. Takun kwamiti ya riga ya iso baranda.

"Ya yi kyau, Baba. Sannu da aiki."

Aka kunna wuta, aka jira har rana ta take. Na'urar awo takan zana tudu ɗaya ga na dama, ɗaya ga na hagu. Allura ta hau, ta sauka, ta sake hawa. Tudu biyu suka fito kai ɗaya, babu wanda ya fi wani.

Shugaban kwamiti ya gyara tabarau. "Dakta, a rahotonki tudu ɗaya muka gani."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"To, me ya faru?"

"Yau bai yi ba."

Shugaban ya rusuna ya gaida Farfesa, ya ce wa Auta za ta ji daga gare su, da irin muryar da kowa ya san ma'anarta.

Da suka fita Farfesa ya shiga laluben laifi. "Ko wutar ce ta yi rauni? Ko ruwan ne ya kwana?"

"Dauɗar ce, Baba." Ta zauna a kan kujerar da ta kasance tasa. "Ragowar wani sinadari ne na dama da nake aiki da shi. Ya yi ta manne wa farantin kaɗan-kaɗan, har ya zama ba ya barin na hagu ya fito. Na gwada shafa wa sababbi, ba su yi ba tukuna. Shi kaɗai gare ni."

"Me ya hana ki gaya mini?"

Ta yi 'yar dariya, idonta ya ciko. "Da wane bakin zan ce maka ban goge faranti ba?"

Ya dubi farantin. "Tun yaushe take taruwa?"

Ta so ta yi shiru, amma shi ya koya mata ba a ɓoye sakamako.

"Tun ranar da ka yi ritaya."

Farfesa ya dubi ƙyallen da ke hannunsa, ruwan ƙasa ya ɓata tsakiyarsa. Ya tuna safiyoyinsa a ɗakin nan, kowacce da irin wannan ƙyallen a kwandon shara. Ya tuna fuskokin ɗaliban da ya kora. Nadama ta kama shi, irin wadda babu wurin ajiye ta.

"In aka ƙyale shi," ya ce a hankali, "zai sake yin datti?"

"Zai yi, Baba. In an bar mana ɗakin."

Ya mai da farantin cikin kwalba da kansa. Sannan ya ja da baya, ya kai hannayensa biyu bayansa, ya riƙe na dama da na hagu.