Katifa Biyu a Ɗakin Inna Baraka

"Ɗaga ni, Saude, ɗaga ni! Wancan ne yake kira."

Wayar tana ta ruri a kan murfin kwalla. Saude ta yar da tsintsiya, ta sa hannu biyu a hammatar Inna Baraka ta cicciɓe ta daga tabarma. Tsohuwar ta cije leɓe, ƙafarta ta hagu tana jan ƙasa, har aka dire ta a bakin katifa. Katifar ta lotsa ta haɗiye ta har ƙugu. Saude ta shuri tabarmar zuwa bayan ƙofa, ta gyara wa tsohuwar ɗankwali, sannan ta danna wayar.

Fuskar Nuruddeen ta bayyana, tankokin mai jere a bayansa. Shi ne ɗan farin Inna Baraka, direba ne a Fatakwal.

"Inna, ina yini? Yaya jikin?"

Inna Baraka ba ta dubi wayar ba. Bafulatana ce ta gidi, shekara arba'in ba wanda ya taɓa jin sunan ɗan farinta a bakinta, balle ta haɗa ido da shi. Bango ta zuba wa ido.

"Ki ce masa da sauƙi."

"Ta ce da sauƙi," in ji Saude.

"Ai na ji ta, Yaya Saude," ya ce yana dariya. "Katifar fa? Tana jin daɗinta dai ko?"

"Ki ce masa Allah ya yi albarka."

Saude tana ganin gumin da ke tsattsafowa a goshin tsohuwar, da yadda ta damƙi zanin gado. Ta yi sauri ta ce sabis na rawa, ta kashe.

"Sauke ni," in ji Inna Baraka, muryarta can ƙasa.

Katanga ɗaya ce ta raba gidan Saude da na Inna Baraka a Ruwan Bago. Tun da mijin tsohuwar ya rasu, 'yarta Rumasa'u kuma tana ɗakinta a Gwangwan, Saude ce mai shara, ita ce mai ɗibar ruwa. Ita ce kuma ta raka ta asibiti a Karaye da ciwon baya ya kayar da ita. Likita ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna musu da biro: tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai wani ɗan abu kamar guringuntsi, na Inna ya zame daga mazauninsa ya danne jijiyar da ta sauka ƙafa. Ya rubuta magani, ya ce a samo mata katifa mai ɗan tauri, ba mai nutsewa ba, ba kuma dandariyar ƙasa ba, ta riƙa sa matashi tsakanin gwiwoyinta.

Da Saude ta ba Nuruddeen labari a waya, "katifa" kawai ya ji. Sati bai zagayo ba sai ga ta ɗaure a saman mota, tudunta ya kai gwiwar babban mutum, laushi kamar audugar rimi. Matan unguwa suka yi ta shigowa suna dannawa suna sa albarka. Kwana ɗaya Inna Baraka ta yi a kanta. Da gari ya waye Saude ta same ta a nutse kamar wadda ta faɗa rami, ta kasa juyawa, sallar asuba ta wuce ta tana ji tana gani. Tun ran nan ta koma tabarma. Ko ledar katifar ba a cire ba, zanin gado kawai aka shimfiɗa a kai.

To, ga damina ta sauka, siminti ya ɗauki sanyi, tabarmar ma ta zama azaba.

"Inna, ni fa na gaji da wannan ɗauki-sauke," in ji Saude tana mayar da ita ƙasa. "Ki bar ni in gaya masa. Magana ɗaya ce, ya canza miki."

"Ki gaya masa me? Ya yi tuƙi dare da rana ya aiko min abu, in ce bai iya ba?"

"Ai ba ke za ki faɗa ba, ni ce."

"Bakinki ai nawa ne. Kowa ya sani." Ta kama tsintsiyar hannun Saude, yatsunta busassu amma da ƙarfi. "Ki yi min alkawari."

"Inna..."

"Ina raye, ba na raye. Ki yi min."

Saude ta yi alkawarin, ta koma gida ranta a jagule. Ta ɗora tukunya ta mance ba ta hura wuta ba. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa ta katanga. Daga can tana jiyo nishin tsohuwar duk lokacin da ta nemi juyawa.

Ranar kasuwar Rogo, bayan an sayar da tunkiyar Inna Baraka a kara don a samu kuɗin wata katifar, Saude ta tsaya a rumfar Sulle mai katifa. Mutum ne siriri mai yawan magana, katifu jingine a bayansa har rufi.

"Hajiya, ga wannan, ta amare ce. In kika kwanta sai an yayyafa miki ruwa kafin ki tashi."

"Irinta muke gudu. Ta mai ciwon baya nake nema."

"Af! To ki ce haka mana." Ya zaro guda uku ya shimfiɗa. Saude ta sunkuya tana dannawa da yatsa. "A'a, Hajiya, yatsa ba ya faɗin gaskiya. Sa gwiwa. Kai, gwiwar ma ba ta isa ba, sai an kwanta an ji."

"In kwanta? A tsakiyar kasuwa? Allah ya sawwaƙe!"

"To ki kai wa tsohuwa abin da za ta yi ta tsine min? Ni dai ba da ni ba."

Ya ɗauko zanin gado ya rataya a bakin rumfar, ya ɗauki butarsa. "Na tafi masallaci. In kika yi barci, ɓarayi ba ruwana."

Saude ta dubi hagu ta dubi dama, ta ja hijabi ta kwanta. Ta farko, ƙashin ƙugunta ya taɓo ƙasa. Ta biyu kamar ƙyauren ƙofa. A kan ta uku ta juya ta gefe, ta naɗe gwiwoyi kamar yadda Inna ke yi, ta ji kafaɗarta ta ɗan shiga, ƙugunta bai nutse ba. Tana kwance tana jin masu tallar awara da kukan babura, sai dariya ta kama ta, mace mai jikoki kwance a rumfar kasuwa. Ta miƙe zumbur da ta ji takun Sulle.

Ta ukun ta saya, amma ba ta yarda an sauke ta a ƙofar Inna ba, don kada labari ya kai Fatakwal. A tsohuwar tabarma aka naɗe ta, ta shiga ta gidan Saude, aka miƙa ta katanga. Suka shimfiɗa ta a ƙasa gefen babbar.

Washegari Saude ta shigo ta sami tsohuwar zaune tana jan carbi.

"An tashi lafiya, Inna?"

"Ke, 'yar nan, ashe haka mutane ke barci?"

Wata biyu aka yi haka. Ciwon bai tafi ba, amma ya yi sauƙin da har Inna Baraka tana fitowa tsakar gida ta ɓare gyaɗa, tana yi wa kaji faɗa da Fulatanci. In waya ta yi ƙara, sai a jingine ƙaramar katifa bayan ƙofa, a hau babba. Saude ce dai ba ta samu sukuni ba. Duk ran da Nuruddeen ya ce, "Ai na gaya miki, Yaya Saude, katifar nan ita ce maganin," sai ta kau da kai daga wayar.

Ana gab da yankan gero zazzaɓi ya kama tsohuwar, ya sauka mata a ƙirji. Mai kemis ya zo ya yi allura, ba ta yi aiki ba. A rana ta uku Saude ta aika wa Rumasa'u, ta kira Nuruddeen ya ce ga shi nan a hanya, ta kuma yi magana da mai motar da zai kai su Karaye da sassafe.

Bayan la'asar hadari ya haɗo. Saude tana shiga tana fita, ta kwashe shanya, ta dawo ta jiƙa tsumma, ta sake fita ba ta san abin da ta fita ɗauka ba. Inna Baraka ta buɗe ido.

"Saude. Mayar da ni can."

"Ina, Inna?"

Ta nuna babbar katifa da haɓa.

"Ai Nuruddeen ba zai kira yanzu ba, yana hanya. Ki kwanta abinki."

"Na sani. Cire ledar."

Saude ta tsaya da tsumma a hannu. "Inna, kin san abin da take miki. Ga ƙirji, ga baya. Don Allah ki bari."

"Zai tambaye ki." Ta yi tari mai tsawo, ta huta. "Wata biyu ina sa ki ƙarya. Ba na son in tafi in bar ki da ita."

Saude ta ajiye tsumman. Ta yaye zanin gadon, ta sa haƙori ta ɓarke ledar, ta yi ta ja, ledar tana ƙara, har ta fita duka. Ta mayar da zanin. Da ta ɗauki tsohuwar sai ta ji ba nauyi, kamar damin kara. Katifar ta karɓe ta ta lotsa. Inna Baraka ta runtse ido ta ja numfashi ta haƙora, Saude ta yi sauri ta tura mata matashi tsakanin gwiwoyi.

"Waccan kuma ki fitar."

Saude ta ja ƙaramar katifa ta cilla ta katanga, iska tana neman ƙwace ta. Ta dawo ta zauna ta riƙe hannun tsohuwar. Ruwa ya tsuge a kan kwano. Can sai ta ga leɓunanta suna motsi, ta kai kunne.

"Nuru," in ji Inna Baraka, a hankali, kamar mai ɗanɗana wani abu. Ba ta ƙara ba.

Saude ta yi ta maimaita kalmar shahada a kusa da kunnenta, tsohuwar tana bi da leɓe. Kafin a kira magariba ta cika. Rumasa'u ta iso a jiƙe, ta tarar an rufe ta da zane.

Washegari da hantsi aka kai ta. Nuruddeen bai iso ba sai bayan azahar, idanunsa jajur, rigar tuƙi a jikinsa. Ya wuce maƙabarta tukuna, ya dawo ya zauna da maza a ƙofar gida yana amsa gaisuwa. Sai da mutane suka ragu ya shigo, ya tsaya a bakin ɗakin ya cire takalmi. Saude tana ciki tana naɗe kayan mamaciyar. Tun safe take juya abin da za ta ce masa, ba ta ci komai ba.

"Yaya Saude, sannu. Allah ya saka miki."

"Ya haƙuri, Nuruddeen?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa." Ya dubi kwallaye, ya dubi carbin da ke rataye a ƙusa, idonsa ya sauka kan katifar. Ya daɗe yana kallonta. "Ta wahala?"

"Ba ta daɗe ba."

"A nan take kwana ko?"

Saude ta dubi katifar. Ta ajiye zanin da ke hannunta.

"A kanta ta cika. Ita da bakinta ta ce in kwantar da ita a kai." Ta ɗago ta dube shi. "Ta kuma kira sunanka."

Ya juyo da sauri. "Inna? Sunana?"

"Nuru, ta ce."

Ya tsaya kamar bai gane yaren ba. Sannan ya taka a hankali ya zauna a bakin katifar, daidai inda take zama in ya kira. Katifar ta lotsa da shi. Ya shafa zanin da tafin hannu, ya sake shafawa, ya sunkuyar da kai.

Saude ta fito ta sauke masa labule, ta zagaya gidanta. Ƙaramar katifar tana nan inda ta faɗa a bayan madafa, ta sha ruwan jiya. Ta ɗaga ta ta jingine da katanga ta fuskar rana, ta tsaya tana kallon ruwa yana ɗiga daga gefenta yana shiga ƙasa.