Ungozoma ta Bakwai

…kuma gurbi ɗaya ne kacal ya rage. Ɗaya. Ta cika sauran duka: sunan littafi, taƙaitawa, babin gwaji, su wa za su karanta — su wa kuwa? — har da masana uku da za su duba aikin. Saura 'yar tambayar nan a ƙasan fom ɗin kamfanin buga littattafan ilimi: Shin kina da dangantaka da wani cikin waɗanda kika yi hira da su? E ko A'a.

Uku da kwata. Ƙarfe huɗu shafin zai rufe.

A'a mana. Danna A'a, Dakta, ki tashi ki ɗora girki. Shekara tara kina faɗin a'ar nan, yau ne za ta maƙale miki a wuya?

Shugaban sashe, ranar Litinin, yana kaɗa makullin mota a yatsa: "Dakta, ba littafi, ba sabunta kwantiragi. Ba ni na kafa dokar ba." Ba shi ya kafa ba, amma har da murmushinsa…

Littafi ne kan ungozomomi goma sha biyu. Sha ɗaya rakiya suka yi, ita ma ta sani. Ungozoma ta Bakwai ce littafin. Ita ta san yadda ake juya ɗan da ya taho ta ƙafa, ita ce babi na uku, na huɗu, na biyar. "Wata dattijuwa da ba ta yi boko ba." Haka Dakta ta rubuta da hannunta. Wata dattijuwa!

Ga dattijuwar can kan tabarma a bakin ƙofar falo, tana naɗe tawul. Ta naɗe, ta ɗora a kafaɗa, ta bubbuga masa baya, ta warware, ta sake. Tun safe. Inna — uwar da ta haife ta, wadda rabon da ta gane ta tun bara.

Ranar hirar, rikoda a tsakaninsu, Inna da hankalinta garau a lokacin, tana matso da baki kamar za ta ciji na'urar: "Ki sa sunana fa. Jarirai nawa suka sauka a hannun nan, ba wanda ya rubuta. Sunana da na ubana."

"To, Inna."

To ɗin ƙarya. Ai ƙa'idar bincike ce, ana ɓoye suna… Ƙa'ida ta ce a ɓoye suna, ta ce a ɓoye uwa? Kunya ce, Dakta, faɗi gaskiya, ba kowa a nan. Tun ranar da wani farfesa ya tambaye ki aikin mahaifiyarki kika ce "ma'aikaciyar lafiya ce," kina gyara zaman tabarau.

In ta danna E — sai tambaya. Me ya sa kundin digiri bai faɗa ba? Ɗaya cikin masu dubawar ma shi ya kula da kundin. Littafi ya tafi, aiki ya bi shi, wataƙila har digirin… sannan wa zai riƙe Inna? In ta danna A'a, an buga ke nan, an ɗinke, an jera a ɗakunan karatu. Ƙaryar da aka ɗinke ba ta gogewa. Tsoro take ji, wallahi.

Huɗu saura goma. Yaushe? Wa ke tura agogon nan?

"Malama."

Inna ce, ta ɗago kai, tawul a ƙirji, tana kallon kwamfutar cikin ladabi irin na baƙo.

"Rubutu kike? Sannu da ƙoƙari. 'Yata ma tana rubutu." Ta rage murya, kada jaririn ya farka. "Ta sa sunana a littafi."

Yatsan Dakta na tsakanin E da A'a. Saura tara… takwas… Komai ya zube daga kan Inna, har fuskar 'yarta — sai wannan "to" ɗin kaɗai ta riƙe.