Kibiyar Cikin Bel

Ni ce na gano, ba Shigeru ba. Mijina ko gobara ake yi a gidan sai ya ƙarasa shayinsa.

Aikinmu a Seki, garin masu ƙera wuƙaƙe, ba wani abin a zo a gani ba ne. Muna sayo sanfefa, takardar nan mai kaushi ta goge ƙarfe, naɗi-naɗi, mu yanka daidai injin kowane mai wasa wuƙa, mu ɗora wannan bakin kan wancan da gam, mu matse da zafi, ya zama bel. A cikinsa sai a buga kibiya mai nuna inda zai juya. In ya juya daidai, wuƙa ta zame ta kan mahaɗar. In ya juya baibai, wuƙa ta riƙa cin leɓen mahaɗar har bel ya tsinke, ya zabgi duk abin da ke gabansa.

Da safen nan na ɗauki ragowar bel na jiya, na shafa mahaɗar da babban yatsa kawai don sabo. Leɓe na kallon gabas, kibiya na kallon yamma: an buga ta baibai.

"Kai, wa ya taɓa teburin hatimin kibiya?" na ce da Shigeru.

"Ni na juya shi, ya fuskanci fanka. Ke ba kya jin zafin nan?"

"Ka juya tebur, ka ci gaba da bugawa yadda ka saba? Wa ka kai wa na jiya?"

Ya ajiye kofin a hankali. "Hibino-san."

Tsoho Hibino ido ɗaya gare shi. Na hagun bel ne ya ɗauke shi yana saurayi, bel ɗin wani ɗan talla da ya zo da araha. Tun daga ranar duk bel ɗin da aka kawo masa sai ya shafa mahaɗar da yatsa, ko wane ne ya buga kibiyar. Namu ne kaɗai ba ya shafawa. Tun zamanin babana yake ɗauko namu daga ƙusar da yake rataye su, ya dubi kibiya, ya ɗora. Tabarau na kare ido kuwa ya ce yana sa masa hazo.

Shigeru ya buga waya, ba a ɗaga ba. Wa zai ji waya a cikin ƙarar inji? Na bar shi riƙe da ita kamar wanda aka dasa, na faɗa mota.

Tun daga bakin hanya na jiyo injin. Na tura ƙofa, ga shi a zaune ya ba ni baya, ya sunkuya da doguwar wuƙar yanka kifi a kan bel, fuskarsa dab da tartsatsi. A ƙarƙashin ƙarar akwai wani ɗan sauti, kas, kas, kas, duk zagaye. Mahaɗar ta soma ɗagowa.

Kowa a garin nan ya san ba a yi wa mai wasa magana ta baya, ba a taɓa shi, matuƙar ƙarfe na kan bel. In ya zabura, yatsu sun tafi. Sai ka jira ya ɗaga wuƙar zai tsoma a ruwa. Makunnin injin yana gaban gwiwarsa, ƙofa kuma tana ɓangaren idon da ba ya gani. Na lallaɓa ta bayansa. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, da haushin Shigeru, da haushin tsohon nan mai taurin kai da bai san a yi sauri ba.

Yana jan wuƙar a hankali daga gindi zuwa tsini. Kas ɗin ya koma fat, fat. Ina kallon leɓen yana wucewa, fari, a buɗe.

Tsinin na barin bel na cafki wuyan rigarsa da hannu biyu na fizge shi baya. Muka zube tare, wuƙar ta yi gefe. Bel ɗin ya tsinke da ƙara kamar bindiga, jelarsa ta bi ta inda fuskarsa take, ta same ni a dantse.

"Michi-chan! Kin haukace ne? Kashe ni kika zo yi?" ya daka mini tsawa da sunan da yake kirana tun ina yarinya.

Na miƙa masa tsinkakken bel ɗin, na durƙusa har goshina ya taɓa ƙasa mai ƙurar ƙarfe. "Kibiyar baibai take, Hibino-san. Daga gidanmu ne, mijina ne ya juya teburin hatimi don ya sha iskar fanka. Ka gafarce mu."

Ya daɗe yana duba ta da idon nan ɗaya. Ya kashe inji, ya ɗauko tsumma mai tsabta ya ɗaure mini hannu da kansa.

"Fata ce, za ta warke. Ki ce wa mijin naki ya sha iska da kyau."

Da yamma na dawo masa da sababbi, waɗanda na haɗa na buga da hannuna, da kwalin alewar wake na ban haƙuri. Ya karɓa da fara'a, har ya zuba mini shayi, ya tambayi dantsen. Raina ya fara kwanciya.

Da zai koma aiki ya ɗauko ɗaya daga ƙusa. Ya dubi kibiyar. Sannan, ba tare da ya kalle ni ba, ya ɗora babban yatsansa a kan mahaɗar ya shafa.