Ƙafar Datti a Majema

Ni na san warin ƙafar Datti, don ni ke wanke ta. Ƙanena ne, falke mai jakuna goma sha biyu, yana kai baƙin yadi na turkudi da kanwa Gwanja ya sauko da goro. A hanyar dawowa ƙaya ta karce shi a ƙwauri, ya raina, abu ya zama gyambo kamar bakin ludayi. Matarsa ta gwada wankin sau biyu ta yi amai, aka aika garin Toranke, inda nake zaune, aka ɗauko ni zuwa Gaya.

Ban ga laifinta ba. In aka kwance tsumman, ƙudan unguwa kaf sai sun hallara. Ran da na ga tsutsa tana leƙowa daga gefen naman, kwana biyu ban iya haɗiyar tuwo ba. Wanzami ya duba ya ce in gyambon ya kai ƙashi, sai dai a haƙura da ƙafar. Falke kuwa ba ƙafa, ai sai zaman zaure.

Na ce masa, "Ka je wurin Kabo majemi. Kullum wuƙa na yankar su, hannunsu na cikin ruwan bagaruwa, ka taɓa ganin majemi da gyambo? Baurin nan nata mai ɗaure baki shi ke hana fata ruɓewa."

Ya yi tsaki. "Yaya Indo, ni zan je in roƙi mai warin mushe? Gara a yanke."

Da ma akwai tsohuwar gaba a tsakaninsu. Shekara uku da suka wuce, Datti ne ya yi ta sintiri gidan mai unguwa har aka kori Kabo da kwatarniyoyinsa zuwa bayan gari, wai warin jima na hana shi cin abinci. Ko a hanya suka haɗu sai ya toshe hanci ya tofar da yawu.

Ashe maganata ta shige shi, girman kai ne ya hana shi tambaya. Ran Juma'a, da maza suka tafi masallaci, ya lallaɓa ya hau jaki. Na ga ba shi ba jakin, na bi sawu. Tun kafin in isa majema na jiyo ihunsa.

Kwatarniya biyu ya tarar. Ta bagaruwa baƙa ce, da kumfa a sama, sai ya ji ƙyamarta. Ɗayar ruwanta fari-fari, shi a ganinsa ta fi tsabta, ya zura ƙafa har gwiwa. Wannan kuwa ta toka da kanwa ce, wadda ake jiƙa ɗanyar fata a ciki don gashi ya zube. Na same shi yana birgima cikin gashin awaki da tarkacen nama, babbar rigarsa duk ta ɓaci. Haushi ya hana ni jin tausayinsa.

Muna nan Kabo ya dawo. Ya ɗebo ruwan rijiya ya yi ta kwarara wa ƙafar. Da ya sunkuya ya ga gyambon sosai, sai ya kau da kai, ya ja bakin rigarsa ya toshe hanci.

"Falke, ka yi mini aikin gafara," in ji shi. "Shekara talatin ina cikin ruɓaɓɓiyar fata, ban taɓa toshe hanci ba sai yau."

Datti ya sunkuyar da kai.

Kabo ya daka sabuwar bagaruwa, ya tafasa a wankakkiyar tukunya, ya tace, ya wanke ciwon, ya barbaɗa garin a kai. Ya ce, "Wa ya ce maka a kwatarniya ake tsomawa? Ga bishiyarta can a bayan dangarku, awaki ke cin 'ya'yan."

Kwana arba'in muna zuwa majema kowace hantsi, don Kabo ya ce shi ba zai shigo gari ya hana mutane cin abinci ba. Ruwan ciwon ya tsane, nama ya ciko, ƙafa ta tsira. Amma inda toka ta ci, jijiya ta ɗaure. Da ayari ya tashi bayan girbi, Datti na tsaye a ƙofar gari da sanda, yana kallon wani na kora jakunansa.